Madubin Tsoho Negishi

Abu uku tsoho Negishi yake bin Kuramochi: sana'ar da yake ci da ita, da ƙafarsa ta hagu, da wani ɗan madubi mai dogon mariƙi irin na likitan haƙori. Ba kuɗi a ciki, shi ya sa yake da wuyar biya. Ni da nake sayar da taliya a bakin filin tseren motocin nan shekara talatin da huɗu, na san wa ke bin wa, ko da su masu abin sun manta.

Ranar Lahadin da nake faɗa, wajen bakwai da rabi na safe, Kuramochi yana kwance rigingine a cikin motar Tomoe, 'yar Negishi, ƙafafunsa a waje, madubin nan a hannu ɗaya, tocila a ɗaya. Shi ne mai duba motoci na ƙungiyar masu tseren. Ba motar da za ta shiga fili sai ya buga mata jan hatiminsa a takarda. Ba biyansa ake yi ba. Ladansa kwano ɗaya ne na taliya, shi ma ni ke bayarwa, shekara goma sha biyar ke nan.

Masu tseren namu ba wasu manya ba ne. Direban tasi, mai gyaran famfo, malamin firamare, manomin kabeji. Kowa ya sayi tsohuwar mota, ya fidda kujerun baya, a gina masa keji na bututun ƙarfe a ciki, don in mota ta wuntsila kada rufi ya danne mutum. Filin kuma tsakuwa ce da taɓo a gindin dutse, akwai kwana ɗaya a bakin rafi da ta kifar da motoci fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Wahalar keji a sama take, inda bututu ya haɗu da bututu dab da rufi, wurin da hannu ba ya shiga. Malalata sai su yi walda inda ido ke gani, su bar saman. Negishi kuwa huda ƙasan motar yake yi, ya sauke kejin gaba ɗaya ta ramukan, ya kewaye saman da wuta, sannan ya ɗaga shi ya toshe ramukan da farantin ƙarfe. Kwana biyu cur yake ƙarawa a aiki. Haka ya koya wa Kuramochi tun yana yaron garejinsa. Ranar da aka naɗa shi mai duba kuma ya ba shi madubin, ya ce masa ya riƙa farawa da inda mai aiki ba ya so a gani.

Abin da Kuramochi ya gani a madubin ran nan sai daga baya ya gaya mini, bayan na matsa masa lamba. Walda tana nan, ta kewaye tsaf, ƙwaya-ƙwaya kamar sarƙa. Hannun Negishi ba ya ɓoyuwa. Sai dai ba a kan haɗin take ba. Ta goce da faɗin ɗan yatsa, ta bi jikin bututu ɗaya kaɗai, haɗin kuwa yana nan a buɗe, har hasken tocila na ratsawa. Kuma daidai saman kan direba. Ya juya ya leƙa ɗaya kusurwar, ya tarar da irin ta. Ya zura hannu ya shafa ƙasan motar, ya ji farantan. Wato tsohon ya huda, ya sauke, ya yi duk wahalar nan. Gani ne bai gani ba.

Shekarun Negishi saba'in da shida. Yanar ido ta rage masa gani, duk gari an sani, ba mai faɗa. Shekara uku rabon da wani ya kai masa keji. Aikin da ya rage masa gyaran garma ne da ƙofar shago, su ma don sunansa ake kawowa. Da tsohuwar motar Tomoe ta mutu, sai ya rufe gareji mako uku, ya hana kowa shiga, ya gina wannan shi kaɗai. Tun da asuba mutane ke layi suna leƙawa suna yabo, shi kuma yana zaune a kujerar naɗewa da kofin shayina, yana yi kamar bai ji ba.

Tomoe kuma shekararta arba'in da ɗaya, motar 'yan makaranta take tuƙawa. Tseren ƙarshe ne na shekara kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ita ke gaba a maki, ko ta zo ta biyar kofin nata ne. Shekara ashirin tana nema.

“Yaya Nobo, barci ka yi a ciki?” in ji ta, tana dukan takalminsa da ƙafa. “In katifa kake so ka faɗa in kawo maka.”

Aka yi dariya. Noboru ne sunansa, amma a garejin nan ta tashi, ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai Yaya Nobo.

Ya fito da baya-baya, ya miƙe da ƙyar saboda ƙafar. Na ga fuskarsa daga inda nake, na rage wutar tukunya. Mutumin da ya ga komai lafiya ba ya naɗe madubi a hankali haka.

Bai ce komai a kan keji ba. Ya ɗauko tukunyar kashe gobara, ya juya gindinta, ya ce ranarta ta wuce tun watan jiya. Bai rufe baki ba mai gyaran famfo ya rugo da tasa ta ajiya, aka ɗaure. Kuramochi ya koma ya taɓa soson da aka naɗe bututun ƙofa da shi, ya ce ba irin wanda ba ya cin wuta ba ne. Malamin firamare ya fiddo wuƙa ya yanko rabin na motarsa. Kowa yana son ya yi wa Negishi wani abu a ranar nan, kowa yana da abin da yake ramawa. Akwai wanda tsohon ya taɓa gyara wa mota ba ko sisi, akwai wanda ya tsaya wa a gaban surukinsa. Duk na sani.

Mai gyaran famfo ya ce ko matar Kuramochi ta hana shi karin kumallo ne. Negishi ya ɗaga kofi daga kujerarsa yana murmushi, ya ce, “Ku ƙyale shi. Ni na koya masa tsanani.”

Kuramochi ya tsaya da littafin ƙa'ida a hannu, yana buɗe shafi yana rufewa. Ni ban yi karatu ba, ina 'yar goma sha biyu aka sa ni aikin tsutsar siliki, littafin nan ban taɓa buɗe shi ba. Amma na san lissafin da yake yi. In ya ce walda, mutum arba'in za su karɓi madubin nan ɗaya bayan ɗaya su leƙa, tsohon yana zaune yana jin shirunsu. Kafin Talata ko garma ba mai kai masa. In kuma ya buga hatimi, Tomoe za ta shiga kwanar rafi da rufin da ba abin da ke riƙe da shi sai fenti. Ya san kwanar nan fiye da kowa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce a nan motarsa ta wuntsila sau huɗu. Kejin Negishi ne ya tsaya. Negishi ne ya shiga ruwa ya jawo shi, ya ɗaure masa cinya da bel ɗin wandonsa, ya goya shi zuwa mota. Likita ya ce da an ƙara minti goma sai dai a yanke ƙafar.

Kuramochi ya ce Tomoe ta shiga ta zauna, ta sa hular kwano, ta ɗaura bel. Ta shiga tana tsaki. Ya fiddo tef ya auna saman kanta, ya daɗe yana kallon tef ɗin.

“Santimita biyu,” ya ce. “Doka ta ce biyar.”

Tomoe ta ce ya sake aunawa, shida ne, ita da babanta sun auna sau uku. Ya ce shida ne in aka auna zuwa bayan bututu. Shi zuwa cikinsa ya auna, inda kai zai buga. Ya karanta musu layin a bayyane, muryarsa ba hawa ba sauka: tsakanin hular direba da bututun sama kada ya gaza santimita biyar. Ya ce littafi bai ce bayan bututu ba.

Mutane suka dubi juna. Tun da aka kafa ƙungiyar nan zuwa bayan bututu ake aunawa, shi da kansa haka ya yi wa mota goma sha tara a safiyar nan. Kujerar Tomoe kuwa tana manne da ƙasan mota, ba inda za a ƙara sauke ta. Wannan ba abin da wani zai ara mata ba ne. Shi ya sa ya zaɓe shi.

Mai gyaran famfo ya ce to a zo a auna tasa, da ta mai tasi, da ta kowa, a ga ko mutum biyar za su rage. Kuramochi ya ce nasu ya riga ya buga hatimi. Da ya nemi mugun abin faɗa da gangan, da bai sami wanda ya fi wannan ba. Na ji wani a baya ya ce ashe dama jira yake maigidansa ya tsufa. Wani ya ce yana son aikin keji ya koma garejinsa ne.

Aramaki, shugaban ƙungiya, tsohon ma'aikacin gidan waya ne mai gudun rigima. Ya ja Kuramochi gefe, gefen kuwa bayan tukunyata ne, don haka na ji komai. Ya roƙe shi ya karanta layin yadda aka saba karantawa, in ya so a gyara rubutun a taron hunturu. Kuramochi ya ce shafin ƙarshe ya ce ranar tsere maganar mai duba ita ce ta ƙarshe. Aramaki ya ce haka ne, amma kwamiti zai zauna ranar Laraba, kuma ya san abin da za su yi masa. Ya ce ya sani. Aramaki ya dube shi, ya rage murya, ya tambaye shi ko akwai wani abu daban da bai faɗa ba.

“Babu,” in ji Kuramochi.

Tomoe ta fito daga mota ta cire hula. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta zo gabansa ta tsaya, ta ce ita ta wanke jininsa a kujerar motar babanta, tana 'yar goma sha tara, kwana uku ƙarnin bai fita daga hannunta ba. Ta ce mako uku tsohon nan yana durƙushe a kan siminti, sai ta ɗaga shi da hannu biyu in yamma ta yi.

“Na gode, Kuramochi-san,” ta ce, yadda bare ke kiransa, ta rusuna masa irin rusunawar da ake yi wa baƙo a ofis.

Ya rusuna shi ma. Ya fi ta yin ƙasa.

Ƙarfe tara aka saki mota ta farko. Kowa ya watse zuwa bakin igiya, ƙarar inji ta cika kwarin. Aka tura motar Tomoe kan tirela, ita kuma ta tafi mayar da lambarta a rumfar rajista. Kuramochi ya zo ya zauna a bencina, a can ƙarshe. Na zuba masa taliya da albasa mai yawa yadda yake so. Bai taɓa ba. Mutum biyu suka zo da niyyar zama, da suka gan shi sai suka karɓi kwanukansu suka ci a tsaye.

Na ce masa ya ci kafin ta huce. Ya ce, “To, Inna.” Bai ci ba.

Can sai ga Negishi, yana tafe yana laluben ƙasa da ƙafa yadda yake yi in yana zaton ba mai kallo. Ya ajiye kofin shayi a kan teburina, ya zauna kusa da Kuramochi, bai dube shi ba. Mota biyu suka wuce.

“Zuwa bayan bututu ake aunawa, Nobo. Ni na rubuta layin nan.”

“Na sani, Maigida.”

“To me ka gani?”

Kuramochi ya sunkuyar da kai a kan kwanon.

Negishi ya miƙa hannu, tafin a sama. “Ba ni madubina.”

Ya ba shi, har da tocilar. Tsohon ya tashi ya nufi tirela. Hawanta kaɗai ya ɗauke shi lokaci, ba wanda ya taimaka, don duk suna kallon fili. Ni kaɗai ke kallonsa. Ya kwanta a ciki yadda Kuramochi ya kwanta. Na ga madubin yana juyawa, ya matso da shi kusa, ya nisanta shi, ya goge shi da hannun riga, ya sake ɗagawa. Daga baya ya ajiye shi a ƙirji. Ya zura hannu tsakanin bututu da rufi, ya bi da yatsa a hankali. Hannun ya tsaya wuri ɗaya. Ya daɗe a nan. Sannan ya juya ɗaya gefen.

Da ya dawo, farcen babban yatsansa ya tsage, jini kaɗan a bakinsa. Ya zauna. Na miƙa masa tsumma mai ɗumi, bai gani ba, sai da na sa masa a hannu.

“Duka biyun,” ya ce.

“Duka biyun, Maigida.”

Wata mota ta shiga kwanar rafi, aka ji tsakuwa na dukan ƙarfe, mutane suka yi shewa.

“Amma waldar ta yi kyau?”

“Ta yi kyau ƙwarai,” in ji Kuramochi. “Ban taɓa ganin wadda ta fi ta ba.”

Negishi ya gyaɗa kai. Ya naɗe madubin ya sa a aljihun rigarsa.

A nan ne Aramaki ya zo, hula a hannu, mai gyaran famfo da wasu uku a bayansa. Ya tsaya gaban Negishi ya rusuna, ya ba shi haƙuri da sunan ƙungiya. Ya ce abin kunya ne a yi wa wanda ya kafa wurin nan haka, kuma kowa ya ga kejin, ba a taɓa gina irinsa ba a filin nan. Ya ce ranar Laraba za su karɓi hatimin duba daga hannun wannan mutumin. Bai ma ambaci sunansa ba, alhali yana zaune taku ɗaya daga gare shi.

Na daina juya tukunya. Magana ɗaya ce ake buƙata daga bakin tsohon ta wanke Kuramochi, kuma ba mai tsawo ba. Na ga Negishi ya buɗe baki. Na ga ya dubi mutanen nan biyar, ko inuwarsu, ko me yake gani oho. Ya matse tsumman a kan yatsansa.

“Ku yi abin da kuka ga ya dace,” ya ce.

Kuramochi bai ɗago ba. Har wani ɗan numfashi ya sauke, kamar wanda aka sauke wa kaya. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Tomoe ta dawo ta ɗaure tirela, idonta ja. Na ji tsohon yana gaya mata za a yanke kejin gaba ɗaya, tun da sun ce bai kai ba, a kai motar garin gaba wani ya gina sabo, shi ya gaji da mutanen nan. Ta ce ba za a taɓa shi ba, aikin hannunsa ne. Ya ce za a yanke, gobe-goben nan, kuma shi zai riƙe zarton. Ta waiwayo ta yi wa bencina wani kallo, ta shiga ta tada mota.

Na bar tukunya na bi su. Ƙafafuna ba na gudu ba ne yanzu, amma tirela ba ta juyawa da sauri. Na ƙwanƙwasa gilashin gefen tsohon, ya sauke.

“Negishi, ka bar abu a wurina.”

Ya shafa aljihu, ya ce ai ya biya shayinsa tun da safe.

Na ce ba shayi nake nufi ba.

Ya juya kai wajen bencin. Taku goma ne tsakani. Ko ya hango mutumin da ke zaune a can, ko bai hango ba, ban sani ba. Tomoe ta tambaye shi me tsohuwa ke cewa. Ya ce ba komai, ya ɗaga gilashi.

Da na koma, Kuramochi ya cinye taliyar a sanyaye, har romon. Ya ajiye kuɗinta a gefen kwano, karo na farko cikin shekara goma sha biyar. Na ce ya ɗauke, ai sai Laraba. Ya ce gara ya fara sabawa. Ya tashi yana jan ƙafar hagu, ya bi ta bayan rumfuna zuwa motarsa, don kada ya ratsa cikin mutane.

Ranar Laraba suka karɓi hatimin. Tomoe in ta hango shi a kasuwa sai ta sauya layi.

A lissafina, sana'a da ƙafa da madubi duk Kuramochi ya mayar a safiya ɗaya, har da ƙari. Yanzu Negishi ake bi, magana ɗaya tak. Yana nan yana zuwa shan shayi duk Lahadi, kuma duk zuwan da zai yi sai na ajiye masa kofin da ƙarfi a gabansa. Har yau bai biya ba.